Bututun ƙarfen gidan gadonmu ya ruɓe: a sa na roba ko a ci gaba da faci?

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gidan bene a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna, ginin da aka yi tun kafin a sami 'yancin kai, wanda ya saya a lokacin da gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki. Hajiyarmu tana zaune a ƙasa, ni da 'ya'yana muna sama. Shekara biyu ke nan banɗakin ƙasa yana toshewa kusan duk bayan wata biyu, da yamma wari yana cika tsakar gida, bangon da babban bututun ƙarfe ya bi ya jiƙe har fenti yana ɓarewa, kuma kwanan nan na ga tsaga mai tsawon hannu a jikin bututun. Mai aikin famfo ya ce a cire na ƙarfen gaba ɗaya a sa na roba. Babban yayanmu ya ce sam, ƙarfen Turawa ba sa'an robar zamani ba ne, dabara ce kawai ta a kwashe shi a sayar wa 'yan gwangwan, don haka a liƙe tsagar da siminti. Ni zan fitar da mafi yawan kuɗin, kuma har yanzu ba a raba gadon ba. Ina neman shawara.

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Bisa ga abin da kika bayyana, ra'ayina shi ne wa'adin wannan bututu ya cika, kuma sa na roba shi ne daidai. Sai dai ba zan so ki miƙa kuɗin aiki gobe da safe ba, domin a irin wannan gyara robar kanta ba ta cika ba da matsala ba, hannun da ya sa ta ne yake bayarwa, kuma wanda ya cire ƙarfen da ya yi shekara sittin ya sa robar da za ta lanƙwashe cikin shekara uku, tsugune ba ta ƙare masa ba.

Zan fara da ba Yaya haƙƙinsa, domin maganarsa tana da tushe. Baƙin ƙarfen da ake narkarwa a zuba a mazubi, irin wanda aka riƙa sa wa gidajen gwamnati a zamanin Turawan Ingila, kaya ne mai nagarta: ba ya jin rana, wuta ba ta cinsa, kuma nauyinsa yana haɗiye ƙarar ruwa, har mutum ya kwana kusa da shi bai san an shiga banɗakin sama ba. A fadar sarakunan Faransa ta Versailles akwai bututun irin wannan ƙarfe da aka binne tun ƙarni na 17 don kai ruwa cikin lambun fadar, kuma wasu daga cikinsu suna aiki har yau. Amma wancan ruwan ban lambu yake ɗauka. Wanda yake ɗaukar bahaya da ruwan wanke-wanke, ƙiyasin da masu gini suka saba bayarwa shi ne shekara 50 zuwa 100, naku kuwa, tun da an gina gidan kafin 1960, ya riga ya haura 65.

Abin da yake ruɗin mai kallo shi ne wannan ƙarfe daga ciki yake mutuwa. Ƙazantar da ke bi ta cikinsa tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin bututun mai laima kuma suna mayar da ita asid, dangin wanda yake cikin batirin mota, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Wannan asid yana cin rufin bututun da ke kwance sannu a hankali, ruwan da ke gudana kullum kuma yana zaizaye ƙasansa har ya yi masa kwari, wani lokaci ma gindin ya zube gaba ɗaya ruwa ya riƙa bi ta kan ƙasa tsirara. Tsatsar da ke tasowa a ciki tana yin ɓawo mai kaushi, takarda da tsumma da gashi da man ja da kitsen da ya daskare su maƙale a jikinta, hanyar inci huɗu ta koma ta inci biyu. Shi ya sa duk lokacin da aka zura ƙarfen buɗe toshiya ake samun sauƙin wata ɗaya ko biyu a sake komawa gidan jiya. In kuwa an taɓa zuba asid don buɗe toshiyar, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, to an taya tsatsa aikinta ne. Akwai ma halin da ƙarfen yake narkewa ya bar wani baƙin abu mai kama da bakin fensir, siffar bututun tana nan daram, amma in aka sa wuƙa sai a kankare shi kamar gawayi. Tsagar da ta bi tsawon bututu, irin wadda kika gani, alama ce ta cewa kaurinsa ya ragu ko tsatsa ta matsa shi daga ciki, kuma da wuya a ce wurin nan kaɗai ne ya lalace.

Saboda haka siminti ba zai yi magani ba. Ba ya kama jikin ƙarfe mai tsatsa, yana tsagewa idan ƙarfen ya motsa da zafi da sanyi, ruwan kuma sai ya bi ta bayansa ya ci gaba da shiga bango inda ido ba ya gani. Bangon da ke shan ruwan masai kullum yana lalata filasta, yana tara kyankyaso da ɓeraye, in yoyon a ƙarƙashin ƙasa yake kuma yana iya sassauta ƙasar da harsashin ginin yake kai. Idan kuna da rijiya a gidan, maganar ta wuce ta wari ta zama ta lafiya, domin ta irin wannan hanya ce taifot da amai da gudawa suke shiga ruwan sha.

Kafin a sayi ko da mita ɗaya ta roba, ki sa rana a yi dubawa, ki kuma roƙi Yaya ya zo ya tsaya a kai, domin gani ya kori ji. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: maganaɗisu, ƙaramar guduma, sukuddireba, tocila, bokiti, da bula ta wanki. A fara da ɗora maganaɗisu a jikin kowane bututu. Wanda ya kama shi ƙarfe ne. Wanda bai kama ba, in launinsa toka-toka ne kamar siminti, a yi hattara da shi ƙwarai, domin yana iya zama na asbesto, wanda aka yi amfani da shi a gine-ginen wancan zamani, kuma ƙurarsa tana jawo ciwon huhu da daji bayan shekaru masu yawa, don haka ba a yanka shi da inji ko a farfasa shi a bushe. Daga nan mai aikin ya riƙa ƙwanƙwasa bututun ƙarfen a hankali tun daga sama har ƙasa. Lafiyayyen ƙarfe yana ba da amo mai zaƙi kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji shi bus kamar an bugi tulun da ya tsage, inda kuma aka ga wasu ƙuraje masu launin ƙasa-ƙasa sun fito a jikinsa a danna su da sukuddireba, sau da yawa sai bakinsa ya shige ciki. Bayan haka a ɗaga murafen ƙananan ramukan dubawa da masu aikin suke kira camba, a jiƙa bula a bokiti a zuba a masan sama, wani ya tsaya a bakin kowace camba ya ga ko shuɗin ruwan ya iso da ƙarfinsa, ko ya iso yana jan jiki, ko rabinsa ya ɓace a hanya. A maimaita da banɗakin Hajiya da wurin wanke-wanke. In an sami mai kyamarar da ake zurawa cikin bututu, kuɗinta ba asara ba ne. Abu ɗaya da ba za a yi ba shi ne wani ya shiga ko ya zura kansa cikin ramin sokawe, domin iskar cikinsa tana kashe mutum cikin 'yan mintuna.

Kada ki yi mamaki in aka tarar da cewa ƙarfen a jikin bango da ƙarƙashin daɓe ya tsaya, wanda ya ratsa tsakar gida zuwa sokawe kuma na gasasshen yumɓu ne, guntu-guntu, an haɗa bakinsu da siminti, domin haka tsarin ginin Ingilishi yake a lokacin. Yumɓu ba ya tsatsa, amma mahaɗansa suna buɗewa, saiwoyin darbejiya da mangwaro da suka cika tsofaffin unguwannin nan kuma suna bin laima su shiga ta nan su yi tumbi a ciki. Idan wannan ne ke toshe banɗakin Hajiya, canza bututun bango kaɗai ba zai hana toshewar ba, kuma za ki kashe kuɗi Yaya ya ce ai dama ya faɗa.

Da zarar an gama dubawa, kafin a fara aiki, ku zauna a kan maganar kuɗi. Gidan da ba a raba ba na magada ne duka, kuma abin da kika kashe a kansa ba tare da yardarsu ba yana iya zama abin jayayya ranar rabo. Ku rubuta abin da za a yi, da abin da zai ci, da wanda zai bayar, da kuma matsayin abin da kika bayar, ko kyauta ne ko bashi ne a kan gidan, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, in da hali a sanar da malamin da zai raba gadon. A cikin takardar ku sa cewa tsohon ƙarfen na magada ne, ba ya cikin ladan mai aiki. Zargin Yaya a nan ba shaci-faɗi ba ne, domin bututu mai inci huɗu yana haura kilo 10 a kowace mita, kuma 'yan gwangwan da kilo suke saye. Ku tara shi wuri ɗaya, Yaya da kansa ya tsaya a auna, kuɗin ya shiga cikin aikin.

Wannan nauyi shi ne babban haɗarin aikin. Bututun da ya tashi daga ƙasa har ya wuce rufin bene, in aka haɗa da gwiwoyi da rassa da ɓawon tsatsar da ke ciki, yana iya kai nauyin babban mutum ko ya fi, kuma sau da yawa ƙarafan da suke riƙe shi a bango sun ruɓe, a kan gindinsa kawai yake tsaye. Na taɓa zuwa wani gida a Zariya washegarin da wani mai aiki ya yanke tsakiyar irin wannan bututu don ya sa guntun roba: na saman ya zame ƙasa da faɗin tafin hannu, ya janyo reshen da ke shiga banɗakin sama, masan tangaram ya rabe biyu tun daga wuya, tayil ɗin bango ya zubo, yaron da ke riƙe da tsani kuma Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Don haka ƙa'idar ita ce daga sama ake kwancewa zuwa ƙasa, guntu-guntu, kowane guntu an ɗaure shi da igiya kafin a yanke shi, kuma ba a barin ƙarfe a kan roba sai an kafa masa maɗauri mai ƙarfi a bango wanda zai ɗauke nauyinsa gaba ɗaya. A halin da kike ciki ban ga amfanin barin komai na bututun tsaye ba; tun da a wajen bango yake kuma ya riga ya tsage, cire shi duka ya fi sauƙi, ya kuma fi aminci.

Mahaɗan tsohon bututun suna buƙatar kulawa ta daban. Yadda ake haɗa su a da shi ne a zura siririn bakin ɗaya cikin faffaɗan bakin ɗayan, a cusa igiyar rama mai kwalta a tsakani, sannan a narka dalma a zuba a kai a daddanna ta. Wasu masu aiki sukan sa wuta su narke dalmar don su zare bututun. Kada ki yarda a yi haka a gidan da akwai yara da tsohuwa, domin hayaƙinta guba ne. A yanka ƙarfen da inji kusa da mahaɗar, mai yankan yana sanye da tabarau da abin rufe hanci, an kau da yara daga wurin. Zoben dalmar da za su fito a tara su a gwangwani mai murfi a sayar da su tare da ƙarfen, kada a bar su a tsakar gida, domin suna da laushi da sheƙi, yaro yana iya mai da su abin wasa ko ya kai baki. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400, ya isa ya nuna mana yadda wannan ƙarfe yake yi wa jikin yaro.

Robar da ake nufi ita ce PVC mai tauri, wadda aka fara yin bututu da ita a Jamus a shekarun 1930, don haka ita ma ba baƙuwa ba ce kamar yadda Yaya yake zato. Ba ta tsatsa, asid ɗin nan da ke cin ƙarfe ba ya cinta, cikinta sumul yake, kuma mutum ɗaya yana ɗaukar doguwarta a kafaɗa. Matsalar kasuwa ita ce iri-iri ce a jibge wuri ɗaya, launi ɗaya, faɗi ɗaya, kuɗi daban. Ki je sayen da kanki ko ki tura wanda kika amince da shi, ki dubi bakin bututun: na inci huɗu, wato milimita 110, kaurin jikinsa ya kai milimita 3 ko ɗan fiye, da sunan kamfani da girma a buge a jikinsa, da tambarin SON, wato hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa. Ki matsa bakinsa da hannu biyu. In ya lotsa cikin sauƙi, ko kika ɗaga shi ga rana kika ga haske yana ratsa shi, ki ajiye shi komai arharsa, domin wannan ƙasa kaɗai ta isa ta murƙushe shi. Na masai kada ya gaza inci huɗu, na wurin wanka da na kicin inci biyu, kuma gwiwoyi da rassa a saye su daga irin kamfanin da ya yi bututun don bakinsu ya zauna daidai. Ƙananan bututan farin ƙarfe da ke fitowa daga kicin da wurin wanke hannu su ma a cire su a wannan karon, domin sun fi babban saurin cikewa da tsatsa.

A wurin shimfiɗawa ne za ki fi sa ido, musamman a kan gangara. Bututun da ke kwance yana buƙatar ya sauka kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi a kowace mita, wato in nisan mita huɗu ne daga bango zuwa camba, ƙarshensa ya fi farkonsa ƙasa da kusan santimita 10, kuma saukar ta zama bai ɗaya babu inda ya yi ciki ya tara ruwa. Wannan da igiya da tef ake auna shi, ba da ido ba. Ƙarfe yana iya tsallake rami bai lanƙwashe ba, roba kuwa duk yadda ƙasan ramin yake haka za ta bi, saboda haka a share duwatsu da ɓaraguzai, a shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 10, a ɗora bututun, a sake lulluɓe shi da yashi kafin a mayar da ƙasa, inda mota take bi ta kai kuma a yi masa rufin kankare. Wanda ke rataye a bango ko ƙarƙashin dakali a riƙe shi da maɗauri a kusan kowace mita, na tsaye kuma kada tsakanin maɗauri da maɗauri ya wuce mita biyu. A gindin bututun tsaye, inda ruwan bene yake faɗowa da ƙarfi, a sa gwiwa mai faɗin lanƙwasa ko gwiwoyi biyu masu digiri 45, a kuma bar ƙofa mai murfi da za a iya buɗewa a zura ƙarfe idan an sami toshiya, don kada a sake fasa daɓe.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare wadda nake so ki hana tun daga ranar farko: a kunna takardar siminti ko kwali, a gasa bakin bututu har ya yi laushi ya yi baƙi, a tura wani a ciki, ko a lanƙwasa shi a maimakon sayen gwiwa. Robar da wuta ta taɓa tana yin siriri ta yi gautsi, kuma a nan take fara tsagewa. Haɗi na gaskiya shi ne a yanka bakin a miƙe, a goge kaifinsa, a share ƙura da maiƙo, a shafa gam ɗin PVC a ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar rabin minti. Gam ɗin yana kama wuta kuma warinsa yana hawa kai, don haka a buɗe tagogi. Inda dole ta sa aka bar wani guntun ƙarfe, misali wanda ya ratsa ƙarƙashin harsashin gini kuma aka tabbatar lafiyarsa ƙalau, gam ba ya haɗa roba da ƙarfe, tsumma da siminti ma ba haɗi ba ne. Akwai hannun riga na baƙar roba mai laushi da ake ɗaurewa da zoben ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka yi shi don wannan aiki. A auna faɗin bututan biyu kafin a saya, domin bayansu ba ɗaya ba ne.

Warin da kike ji da yamma yana iya kasancewa daga tsagar ne, yana kuma iya kasancewa daga wani wuri. Tsohon bututun da ya wuce rufi yana da dalilin yin tsawo haka: ta nan iskar sokawe take fita, ta nan kuma iska take shiga ta hana ruwan da ke saukowa ya zuƙe ɗan ruwan da ke kwance a gwiwar kowane masai da kowace magudana, wanda shi ne yake tare wari. Masu son rage kaya sukan yanke sabon bututun a daidai banɗakin sama su toshe kansa, daga nan sai masai ya riƙa kuka kamar mai kurkure baki, wari ya dawo ɗaki. Ki tabbata sabon ya kai inda tsohon ya kai, ya ɗara saman taga mafi kusa da kamar mita ɗaya, da hula mai raga a kansa. Magudanar ƙasan banɗakin da ba a cika shiga ba kuma takan bushe a lokacin hunturu, kofi biyu na ruwa a mako sun ishe ta.

Roba tana da nata rauni, kuma gara ki faɗa wa Yaya da bakinki kafin ya gano da kansa. Rana tana sa ta gautsi da shekaru, don haka duk wadda ke waje a shafe ta da fentin ruwa mai haske. Tana miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi ninki biyar ko fiye a kan ƙarfe, har bututu mai mita uku yana iya motsa rabin santimita tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara, saboda haka kada a ɗaure ta tamau ko a kafe ta da siminti inda ta ratsa bango, kuma a dogon bututun tsaye an fi son mahaɗa mai zoben roba da ke barin ta ta motsa. Ba a yi ta don ruwan da ya wuce digiri 60 ya daɗe yana bi ta cikinta ba. Ruwan taliya na tukunya ɗaya ba zai yi mata komai ba in an bi shi da na sanyi, amma babbar tukunyar ruwan wankan jego ko ta girkin biki, kada a juye ragowarta tana tafasa a magudana. Tana kuma da ƙara, wanda shi ne abin da Hajiya za ta fara lura da shi in bututun ya bi bayan ɗakinta. A sa roba mai laushi tsakanin maɗauri da bututun, in ya bi ta cikin ɗaki kuma a naɗe shi a gina masa akwati, wanda zai ƙara kare shi idan gobara ta tashi, tun da roba tana narkewa ta fitar da hayaƙi mai guba.

Ki sa aikin a rani, domin rami a buɗe a damina wahala ce, kuma a tsara shi yadda kullum akwai banɗaki ɗaya da ke aiki, musamman saboda alwalar Hajiya da fitarta da dare. In an ga wata wayar lantarki ɗaure a jikin tsohon ƙarfen, kada a cire ta a yar, a kira mai aikin wuta, domin a wasu tsofaffin gidaje ta jikin bututun ƙarfe aka bi aka kai wayar kariya ƙasa. Kada ki biya kuɗin aiki gaba ɗaya a farko, ki riƙe wani kaso sai an yi gwaji a gabanki: a toshe bakin bututun a camba ta ƙarshe, a cika na kwancen da ruwa, a yi alama, a bar shi kamar awa ɗaya a ga ko ya sauka, a bi kowace mahaɗa da busasshen hannu, sannan a buɗe a sake zuba ruwan bula daga sama. Sai an yi wannan za a mayar da ƙasa ko a ɗora tayil.

Kafin a rufe ramukan, ki ɗauki hotonsu da waya daga kusurwoyi da yawa, da tef a miƙe daga bango zuwa bututun, ki kuma zana hanyar da ya bi a takarda ki ajiye tare da takardun gidan, domin duk wanda gidan ya faɗa wa a rabo zai buƙace ta ranar da zai haƙa wani abu a tsakar gida. Ki kuma ce wa mai aikin ya ware miki guntu ɗaya daga bututun da ke ƙarƙashin banɗakin Hajiya, ya tsaga shi biyu a tsaye, a wanke shi a ajiye a gefe kada ya shiga cikin wanda za a auna, saboda 'yan'uwan da suka sa hannu a takarda amma ba su sami zuwa ranar dubawa ba.